Injinan Aro a Fadamar Argungu

Litinin, 5 ga Fabrairu, 2024

Naira ta sake faɗuwa. Masu ba mu rancen noman rani daga waje za su turo wakilai su ga yadda abin ya taɓa manoma, don su san inda za a kai tallafin taki da fetur. Oga ya ce: "Zakka, Argungu taka ce." Dama wa zai ba? Shekara tara ina karɓar baƙi, ba a taɓa kushe ni ba.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Na je wurin Tamba, shugaban manoman shinkafa. Injin ban ruwa biyu kaɗai ke aiki cikin goma sha ɗaya, fetur ya fi ƙarfinsu. Na ce a aro na maƙwabta da fetur ɗinsu, a share hanya, kowa ya sa rigarsa ta Juma'a. Ya ce: "Yallaɓai, ba wahalarmu sunka zo gani ba?" Na yi dariya. Tamba ya san shinkafa, ni na san baƙi. Na ce kada dai su ba ni kunya.

Talata, 13 ga Fabrairu

Sai wanda ya gani! Injina na ruri, ruwa na gudu, ga kifi, ga fura. Baturiyar da ta jagoranci wakilan ta tambayi Jannatu, mai gonar bakin hanya, ko tana samun taki. Ta ce: "Alhamdu lillahi." Na fassara: tana samu. Ai kusan haka ne.

Litinin, 4 ga Maris

Rahoto ya iso. Wai manoman Argungu sun jure faɗuwar naira, ba sa bukatar tallafin gaggawa. An kai wani wuri. Oga har ya yaba mini.

Laraba, 6 ga Maris

Ban ci abincin rana ba. Zafi ne kawai.

Asabar, 9 ga Maris

Na koma Argungu da motata, ba ta ofis ba. Gonar Jannatu ta tsattsage, shinkafar ta yi ja. Tamba bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi: "Kai kac ce kada mu ba ka kunya. Ba mu ko ba ka ba."

Na ɗauki hoton injina tara da ke kwance, na rubuta wa baturiyar in roƙe ta su dawo. Ba wai na yi kuskure ba ne, ƙarin bayani ne. Za su amsa, na san baƙi.

Tamba ya ce in za su zo a share hanya? Na ce a bar ta haka.