Fijon Baba da Ƙofar Inna

Gaya, Asabar.

Zuwa ga ƙanwata Zuhra,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da maigidan da Inna. Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa a hannun Tukur direba. Wayata ta faɗa cikin gwangwanin fenti, kuma tun lokacin ba ta sake cewa komai ba.

Kin san likitocin ido za su zo Gaya ranar Alhamis, yini ɗaya tak, kuma sunan Inna yana cikin waɗanda za a cire wa yana. Kin kuma san tun rasuwar Baba ba ta shiga kowace mota sai fijonsa. Na ga bai kamata uwar malamin makaranta ta isa asibiti cikin abin da ya yi kama da tsohon kwanon rufi ba. Mai fenti ya faɗi farashinsa, na yi masa addu'a na tafi. Na sayi buroshi da samfefa, na cike duk inda jikin ya lotsa, na shafe ta da ragowar shuɗin fentin ƙofar gidana. Daga nesa tana da kyau. Ranar Litinin zan zo in ɗauki Inna ta huta a nan kafin aikin.

Yayanki,
Sharfaddeen

Ajingi, Litinin.

Yaya,

Ina gaisuwa. Ka tafi cikin fushi ko furar ba ka sha ba. Inna tana nan kan bakanta. Ta ce wannan ba motar Malam ba ce, kuma ba za ta shiga motar baƙo ba ko da idon zai tafi gaba ɗaya. Na ambaci bas, ta juya mini baya. Yaya, idan Alhamis ta wuce, sai baɗi, kuma likita ya ce idon hagun ba zai jira baɗi ba. Don Allah ka mayar da ita koriya kamar yadda Baba ya bar ta.

Taka,
Zuhra

Gaya, Talata.

Zuhra,

Bayan gaisuwa, wace koriya? Motar Baba ruwan toka ce, ni na koyi tuƙi a cikinta. Na ɗauko takardunta don in kafa miki hujja, sai na ga an rubuta fara. Na tambayi Kawu Usaini na Kademi, ya rantse ruwan ƙasa ce, amma shi bai taɓa ganinta ba sai bayan ta bi hanyar garinsu.

Sai na koma da samfefa na goge murfin gaba don in ga gaskiya da idona. Ƙarƙashin shuɗina akwai toka, ƙarƙashin toka akwai kore, sannan wani ruwan ɗorawa da babu wanda ya tuna da shi, sannan fari. Ashe Baba ma da buroshi ya yi ta fama. Na karanta tarihin dauloli da dama, ban taɓa ganin wadda ta sauya tuta haka ba.

Tunda ban san wanne Inna take nufi ba, na bi maƙwabta na tattaro ragowar gwangwanaye. Yanzu ƙofar gaba koriya ce, ta baya toka, bayan motar fari, rufin kuma na bar shi shuɗi don fentin ya ƙare. Ta zaɓi ɓangaren da ta gane ta shiga ta nan. Matata ta ce idan zan fito da ita in bi ta bayan gari.

Yayanki wanda kansa ya ɗaure,
Sharfaddeen

Ajingi, Laraba.

Yaya,

Gaisuwa. Ni da kai duk mun yi wauta. Shekara biyu Inna ba ta bambance zanenta ja da baƙi, ina za ta ga shuɗinka? Yau na zauna na tambaye ta yadda ta san ba motar ba ce.

Ta ce ranar da Baba ya kawo motar gida, saniyarta ta tunkuyi ƙofar gaba, ƙasa da mariƙi kaɗan, wurin ya lotsa. Baba ya hana a gyara. Tunda idonta ya dushe, da wannan ramin take laluben ƙofa.

Ta ce, "Na shafa, na ji sumul. Motar Malam ba ta taɓa yin sumul ba."

Ka san abin yi. Gobe da sassafe muna jiranka.

Taka,
Zuhra

Gaya, Juma'a.

Zuhra,

Bayan gaisuwa. A gabanki Inna ta shafa ƙofa ta shiga ba musu. Abin da ba ki gani ba shi ne ni da taɓaryar matata, ina dukan aikin kwana uku don ramin ƙofar ya dawo, maƙwabta suna kallo ba mai tambaya.

An yi aiki lafiya, yau aka cire bandeji. Da muka fito, ta daɗe tana kallon motar, ta zagaya ta sau ɗaya. Na tambaye ta wane launi ne na asali, don a raba gardama.

Ta ce, "Ni a ciki nake zama. Amma wanda ya yi mata wannan, Allah ya shirye shi."

Na ce amin. Ban faɗa mata ko wane ne ba, ke ma kada ki faɗa.

Yayanki,
Sharfaddeen