Ni Na Kashe Wayar, Shi Ya Ɗauki Laifin

Assalamu alaikum Hajiya Bara'atu. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, abu ne ya tsaya mini a ƙirji yau wata biyu, na rasa wanda zan gaya wa. Kada ki buga sunana, kodayake wanda ya san bakin dam ɗin Watari ba zai sha wuyar gane ni ba, tunda mu kaɗai ne muke kwana muke tashi a kan ruwa a wajen.

Shekarata talatin da takwas, goma sha shida daga ciki a ɗakin aure, Allah bai ba mu haihuwa ba. Maigidana kiwon kifi yake yi a keji cikin dam. Shekara huɗu da suka wuce ɓarayi suka matsa masa, sai ya haɗa kwale-kwale biyu, ya shimfiɗa katako a kai, ya kafa ɗaki ɗaya na langa-langa don ya riƙa gadi. Shi kaɗai ya yi niyyar zama. Ni ce na kafe sai na bi shi. Na faɗi wannan tun da wuri ne saboda a garinmu kowa ya ɗauka shi ya kwaso 'yar mutane ya kai ta tsakiyar ruwa.

Garinmu can ta wajen Shanono yake, gida manne da gida, gona manne da gona. Ko atishawa kika yi sai an yi miki addu'a ta katanga. Duk gidan sunan da na shiga, sai mata sun gaishe ni suna kallon cikina. Na gaji, Hajiya. Ranar da na fara kwana a jirgin nan na tashi ban ji muryar kowa ba sai ta agwagin ruwa, wallahi har hawayen daɗi na yi.

Ba zan ce zaman ba wahala ba. Da hunturu sanyi ta ƙasan katako yake tasowa, alwala sai an ɗumama ruwa. Da rani ana sakin ruwa ta kanal zuwa gonakin masu tumatir da albasa, dam ya ja baya, mu ma mu tura jirgi mu bi zurfi, in za a fita sai an ratsa taɓo har gwiwa. Da bazara langa-langa ya ɗau zafi, sai in jiƙa zane in rataya a ƙofa. Amma kaka! Da kaka nake cewa babu macen da ta kai ni jin daɗi. Ruwa ya kwanta, kifi ya yi ƙiba, in kyafa shi mu kai bakin gaɓa a ba mu sabon gero da gyaɗa. Wutarmu kuwa farantin sola ɗaya ne da batir ɗaya, su ke ba mu ƙwan fitila da rediyo da cajin waya, su ne kuma ke tayar da ɗan injin da ke hura wa ƙananan kifi iska. Idan marka ta kama, rana ta ɓuya kwana da kwanaki, sai an zaɓi abin da za a ba wuta.

Mahaifiyata, Inna, ba ta taɓa son zaman nan ba. Ni kaɗai ce 'ya mace a wajenta, sai yayana Muntaka. Ranar da zan tafi ta riƙe hannuna ta ce, “Ki je. Amma ranar da na mutu, hannun nan nake so ya wanke ni, ba na kowa ba.” Na yi dariya na ce mata ai Watari ba Makka ba ce, babur ne zai kawo ni. Tun daga nan kullum sai ta kira ni, kuma kullum maganar ɗaya ce: an ba ta labarin wani mai rubutu, an ce akwai wata mai sassaƙe, wance ta sha ta samu. Na sha ɗaci iri-iri don in faranta mata.

A tsakiyar markar bana, ranar wata Litinin, ta kira ta ce akwai wata mata mai maganin haihuwa a Gezawa, lallai in shirya mu je. Ban san abin da ya hau kaina ba. Na ce mata ta ƙyale ni haka, na gudo ruwa ma ba ta bar ni na huta ba. Na katse kiran tana cikin magana, na kashe wayar gaba ɗaya na tura ta ƙarƙashin katifa. Wayar nan ita kaɗai gare mu, ta maigida ta faɗa ruwa tun farkon damina.

Ranar Talata iska ta yi ƙarfi, maigida ya kwance jirgi daga gindin tsamiyar da muke ɗaurewa ya kai mu wani lungu bayan tudu. Al'adarsa ce duk sanda muka tashi daga waje sai ya kira Yaya Muntaka ya gaya masa inda muka koma. Ranar Laraba ya ce in ba shi wayar. Ni kuwa na san da na kunna kiran Inna zai shigo, sai na ce ta mutu, ba caji. Ya dubi batir, wanda ya haɗa da injin kifi kwana uku, ya ce to a bari rana ta fito. Hajiya, wayar nan cajinta ya fi rabi.

Ranar Alhamis da safe ciwo ya kama Inna, kafin azahar ta cika. Yaya Muntaka ya kira ya kira. Ya tura mai babur gindin tsamiya, ya yi ta kiran sunanmu ba kowa. Aka jira har la'asar, liman ya ce ba a ajiye mamaci don jiran wanda ba a san inda yake ba. Aina'u matar yayana ce ta wanke ta, ita da wata tsohuwa maƙwabciya. Aina'un da na sha cewa ko kwano ba ta iya wankewa da kyau ba. Mu sai ranar Juma'a da hantsi wani masunci ya tuƙo kwale-kwalensa ya same mu da labari. A kan hanya na kunna wayar a ɓoye cikin hijabi, saƙo ya shigo cewa lambar Inna ta neme ni sau uku da safiyar Alhamis.

Da muka isa, maigida ya durƙusa gaban Baba a zaure, mutane cike, ya ce laifinsa ne: shi ya sauya wurin ɗaure jirgi, shi ya fifita kifi a kan waya. Ina cikin gida ina jin sa ta taga, na yi shiru. Har yau shirun nake yi.

Yanzu Yaya Muntaka da kyar yake amsa gaisuwarsa. A gari ana ce masa mutumin da ya hana 'ya wanke uwarta saboda kifi. Maigida ya rame, ba ya cin abinci sosai, ya kuma yanke cewa zai sayar da jirgin da kejin duka mu koma gari, alhali ba shi da gona ba shi da wata sana'a. Mai saye zai zo da an gama girbi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda yake lallaɓa ni. Ko tsintsiya na ɗauka sai ya karɓa ya ce in huta, shi ya jawo mini. Ga kaka ta shigo, ruwa ya kwanta kamar kullum, ni ko kallonsa ba na so.

Ina tsoron in faɗa ya sake ni. Ina tsoron idon Baba. Wani lokaci sai in ce tunda Inna ta riga ta tafi, faɗa ba zai dawo da ita ba, a bar shi ya sayar mu rufe maganar. Wani lokacin kuma in ji kamar zan mutu da nauyin. Me zan yi? Kuma Inna, kina ganin ta tafi tana fushi da ni?

Taki cikin nadama,
Mai zama a kan ruwa

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar uwata. Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta, ya ba ku haƙurin rashinta.

Bari in raba miki abubuwan da kika cakuɗa waje ɗaya. Ba wayarki ce ta ɗauki ran Inna ba, lokacinta ne ya yi. Wanka kuma an yi mata, an suturta ta, an yi mata salla a kan lokaci, babu haƙƙinta na mamaciya da ya faɗi. Kin yi wa mahaifiya magana mai zafi, wannan kuskure ne, kuma na ga kin san shi. Amma ban ga muguwar 'ya a wasiƙarki ba. Na ga mace wadda aka daɗe ana taɓa mata ciwo ɗaya, ran nan ta kasa daurewa. Inna ma ba don ta cuce ki take kiran ba, ita a ganinta kulawa ce. Ku biyun kun so juna, kuka gajiyar da juna. Tsakaninki da ita yanzu sai istigfari da addu'a da sadaka, kuma wannan ƙofa a buɗe take har ƙarshen ranki.

Inda ba zan sassauta miki ba shi ne wajen maigidanki. Ƙaryar da kika yi ranar Laraba ƙarama ce a lokacin, ba ki san abin da Alhamis za ta zo da shi ba. Amma shirun da kike yi tun daga zauren nan, da saninki kike yinsa, kuma kullum sabo ne. Ga mutum da ransa yana ramewa, sunansa ya ɓaci a garin surukansa, yana shirin rabuwa da abin da yake ci da shi, duk don ya biya laifin da ba nasa ba. Kin ce faɗa ba zai dawo da Inna ba. Gaskiya ne. Amma ba don Inna za ki faɗa ba, don shi ne.

Zai iya yin fushi, kuma yana da haƙƙin yi. Ba zan yi miki alkawarin ba zai ɗaga murya ba, ko ya ƙaurace miki na kwanaki. Sai dai mutumin da ya durƙusa gaban jama'a ya ɗauki laifi ba tare da an tilasta shi ba, ba irin wanda ke jefar da auren shekara goma sha shida a rana ɗaya ba ne. Ki gaya masa kamar yadda kika gaya mini, har da katifar, har da cajin. Kada ki yi wa maganar ado, kada kuma ki sa kuka ya zama hanyar da shi zai koma yana ba ki haƙuri.

Bayan shi sai Baba da Yaya Muntaka. Ba sai kin tara gari ba, su biyun sun isa, domin idan Muntaka ya riƙe hannunsa a masallaci mutane za su gani su gane. Kuma ki je wajen Aina'u ki yi mata godiya da bakinki. Ta yi wa mahaifiyarki abin da ke ba ki samu yi ba. Ita ce kuma ke kusa da Inna da safiyar nan, ki tambaye ta yadda aka yi. Kin tambaye ni ko ta tafi da fushi. Wannan Allah ne masani. Abin da na sani kawai, macen da ciwo ya kama ta nemi lamba ɗaya har sau uku, 'yarta take nema.

Zancen jirgi kuwa, a dakatar da ciniki tukun. Shawarar da aka yanke a kan labarin da ba daidai ba sai an sake ta. In bayan ya san gaskiya kun ga komawa gari ya fi, ku koma da shiri. In zama za ku ci gaba da yi, a sayi waya ta biyu, kuma duk sanda kuka tashi daga wuri a bar saƙo wajen masuntan bakin gaɓa. Ke kuma ki riƙa yin marka a gida wajen Baba, shi ma ya tsufa.

Ke da kanki kin ce ba za a sha wuyar gane ki ba, don haka kada ki bari wani ya karanta masa shafin nan kafin ya ji daga bakinki. Kada ki jira girbi. Gobe da safe idan ya gama ba kifi abinci, ki ɗauko wayar ki ajiye a gabansa, ki ce masa ya zauna kina da magana.

Allah ya ba ki ƙarfin hali, ya sanyaya zuciyarsa, ya zaunar da ku lafiya.

Taki,
Hajiya Bara'atu