Sun Gyara Sitiyarin, Malam

Zuwa ga mijina, uban 'ya'yana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci mace ga mijinta, ina roƙon Allah ya yalwata maka kabarinka, ya ba ka hutun da ba ka samu a nan ba. Muna nan inda ka bar mu, a ɗakin bayan gidan Alhaji a Nassarawa. Ina cikin takaba, saura kaɗan in fita. Ka san a firamare karatuna ya tsaya, rubutun nawa sai haƙuri. Amma magana ta cika mini ciki, kuma kai kaɗai na saba gaya wa.

Malam, sun gyara sitiyarin.

Tsohuwar a-kori-kurar Alhaji nake nufi, farar nan da ka yi shekaru kana ja zuwa gonarsa. Bayan an kai ka makwanci, janwe ya jawo ta gida. Duk faɗin gidan nan ba a ga inda za a ajiye ta ba sai gindin mangwaro, daidai tagar ɗakinmu. Gabanta ya ɗan lotsa, fitila ɗaya ta fashe. Iyakar abin da ya same ta ke nan. Kai kuwa da sitiyarinta ya daki ƙirjinka, ko asibiti ba ka kai ba.

Na tuna ranar da na fara ganin rawar da yake yi. Ka ɗauke ni za ka kai ni dubiya Giginyu, na ga sitiyarin yana lilo a hannunka kamar haƙorin da ya kusa fita. Ɗan hannun nan da ake ja a ɗaga shi ko a sauke shi ya daina riƙe komai. Na ce maka ni dai tsoro nake ji. Ka yi dariya ka ce, "Tsohuwa ce, Talatu, ba a yi mata da ƙarfi. Sai da lallashi, kamar ke."

Washegari na nemi silifana ƙafa ɗaya na rasa. Ashe kai ka yanka shi ka cusa a wuyan sitiyarin don ya rage motsi. Na yi ta mita, kana ta ba ni haƙuri, har ka sayo mini wani mai fure. A lokacin abin dariya na ɗauke shi.

Sau ɗaya ka gaya wa Alhaji. A gabana aka yi, ina shanya. Ka durƙusa, ka sunkuyar da kai, ka yi maganar ƙasa-ƙasa kamar mai roƙon bashi. Shi kuma ƙafarsa ɗaya tana cikin babbar motarsa, waya a kunne. Ya ce, "To, to, a bari sai bayan Sallah." Ƙaramar Sallah ta wuce, babba ta wuce, wata ƙaramar ta zagayo.

Na ce ka sake tuna masa. Ka ce, "Babba ba a maimaita masa magana. Ya ji." Na ce to ka kai ta gareji da kanka. Ka ce, "Ba a buɗe cikin kayan mutum ba da izininsa ba." Haka aka rene ka a ƙauyenku, haka kake alfahari da shi. Duk gidan nan ana yabon kunyarka. Har yau ma yabon ake yi, ni kuma ina kwana ni kaɗai.

Leburan da ke zaune kusa da kai ran nan shi ya ba mu labari. Ya ce kun taso daga gona da buhunan shinkafa, ba gudu kake ba. Kuna shan wata kwana a hanyar Haɗeja sitiyarin ya sulluɓe ƙasa, ya karkace a hannunka, motar ta faɗa kwalbati. Ya ce salati ne ƙarshen abin da ya ji a bakinka. Wannan kaɗai nake riƙewa in hankalina ya tashi.

Masu gaisuwa sun zo, kowa da "kwana ne ya ƙare." Na yarda, Malam. Ban taɓa jayayya da hukuncin Ubangiji ba, ba kuma zan fara yanzu ba. Amma ban ji malamin da ya ce yarda da ƙaddara ya hana a ɗaure noti ba.

Shekaranjiya aka kira Ɗanlami bakanike daga Tudun Wada. Ni mai takaba ba na fita, sai na zauna bayan labule ina kallo. Ya cire wayar batir, ya ɓalle murfin hon, ya kwance babban notin tsakiya, ya sa wani ƙarfe ya zaro sitiyarin gaba ɗaya. Ya yi ta fito da tarkace, wayoyi da ƙananan ƙarafa, yana jera su a kan buhu don kada ya manta mazauninsu. Da ya kai ga guntun silifana, ya jujjuya shi, ya jefar a gindin mangwaro.

Can ciki ya tarar da wasu kusoshi huɗu. Na ji shi da kunnena yana ce wa maigadi, "Baba, zo ka ga ikon Allah. Da yatsa ma juyawa suke." Ya goge su, ya ɗiga musu wani jan abu mai kama da gam, ya sa sifana ya ɗaure. Ko abu ɗaya sabo bai saya ba. Ya mayar da komai inda ya cire shi, ya kama sitiyarin da hannu biyu ya girgiza, ko gezau.

Da hantsi ya fara, kafin la'asar yana wanke hannu. Ya bugi bayan motar ya ce, "Tsohuwa ta koma budurwa!" Suka kwashe da dariya shi da maigadi. Sai idonsu ya kai kan labulena, kowa ya kama gabansa.

Abin da aka yi ta jira sai bayan Sallah ke nan, Malam. Aikin da bai cika yini ba.

Da yamma Hajiya ta shigo da kanta, da kwanon abinci a hannu. Ba zan yi mata ƙarya ba, matar nan ta yi kuka ranar da aka kawo ka. Ta zauna bakin katifa ta ce Alhaji ya yi tunani: tunda ɗanmu Abba yana da lasin, a ba shi makullin ya gaji ubansa, mu kuma mu ci gaba da zama a ɗakin. Ka san dokar gidan, ɗakin nan na direba ne. Wanda ya riƙe makulli shi ke kwana a ciki.

Kowa ya ji sai ya ce Alhaji ya cika ɗan halak. Mai girkin gidan ta ce in yi sujada. Ɗanka kuwa, da ya gama sakandare ya rasa abin yi, fuskarsa har wani haske ta yi. Ya ce, "Umma, an gyara fa. Ni da kaina na kama shi, wallahi kamar sabo."

Na san an gyara. A kan idona aka yi. To gobe idan birki ne fa? Idan taya ce ta suɗe? Na leƙa na ga yadda ya je gaishe da Alhaji: durƙusonka, sunkuyonka, har muryar nan taka da ba ta fita. Ɗanka ne, Malam, ka yi masa tarbiyya ta kama. Sau ɗaya zai faɗa, ya dawo ya nemi silifa.

Ɗan fari ne, ka san ko sunansa na yanka ban taɓa kamawa ba, balle in ɗaga masa murya. Amma jiya na dube shi ido cikin ido na ce, "Idan ka karɓi makullin motar nan, ban yafe maka ba." Ya kalle ni kamar bai san ni ba, sannan ya sa kai ya fita. Tuwon da na rufe masa yana nan har yanzu bai taɓa ba.

Na aika wa Hajiya godiya, na ce da na fita takaba za mu tashi. An ce ta ce ba ta zaci haka daga gare ni ba. Yaya Sale ya ce zai ba mu ɗakin da ke kusa da zaurensa a Hotoro, ko da yake yana yoyo. Zan koma suyar awara. Zogalen da ka dasa a bayan ɗaki ya yi tsawo, shi kam ba zai ɗauku ba.

An ce ba a fushi da mamaci. To ni na yi, har yanzu ma ina kan yi. Da ka yi rashin kunya sau ɗaya a rayuwarka, da ka tsaya a ƙofar falon nan ka ce ba za ka tayar da ita ba, da wataƙila korarmu za a yi. Da mun tafi tare da kai. Amma duk fushin nan, da asuba sai in ji hannuna ya kai wajen da kake ajiye buta, in zuba maka ruwa kafin in tuna.

Yau da safe na ji ƙarar motar ta fita ƙofa. An ce wani yaro ne daga Katsina aka ɗauko. Na yi masa addu'a, shi ma uwa ce ta haife shi. Can kuma na ji takun Abba ya wuce ta bakin ƙofa, ko sallama bai yi mini ba. Na bi takun da kunne har ya ɓace. Ya yi ta fushinsa, Malam, ya shekara bai gaishe ni ba in ya so. Da ƙafarsa yake tafiya.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya sa haƙurin da ka yi da mutane ya zame maka haske. Ni na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini tsawar da na yi wa ɗanka. Allah ya sanyaya masa zuciya, ya buɗa masa wata ƙofar. Amin.

Matarka,
Talatu