'Yata ta fassara mini ƙarya a gaban likita

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin ka ɓoye sunana, ku kuma don Allah ku ba ni shawara, abin ya ci mini rai.

Ni mutumin Maraɗi ne, shekarata goma sha tara a New York, ina da tebur a Fordham Road, huluna da jakunkuna nake sayarwa. Ban yi boko ba, Turancina na ciniki ne kawai. Duk takardar da ta shigo gidana babbar 'yata ke karanta mini tun tana 'yar shekara tara, yanzu tana da ashirin da biyu. In ta ce Baba sa hannu nan, sa hannu nake yi, ban taɓa tambaya ba.

Wata biyu da suka wuce maiɗakina ta ce an gano ƙari a cikinta, sai an yi mata aiki. Hankalina ya tashi, na ce ƙafata ƙafarta zuwa wurin likita. Ita da 'yata suka yi ta hana ni, wai kada in rufe tebur, na ƙi. Muka je Manhattan mu uku. Likitan ya kama cikinta yana zane da biro yana bayani, ni kuma ina kallon bakin 'yata. Ta ce Baba nan ƙarin yake, ya ce in aka bari zai girma. Na riƙe hannun mutumin nan da hannu biyu, hawaye na zuba, na ce ta gaya masa ya ceci uwar 'ya'yana. Ya yi murmushi yana duban yarinyar. Har yau ban san me ta ce masa ba.

Ranar Juma'a na sa liman ya sanar a masallaci aka yi addu'a. Na kira surukata a gida, tsohuwa ta kwana uku ba ta ci abinci ba, ta sa aka sauke Alƙur'ani.

Bayan aikin, wata Hajiya 'yar Kumasi mai aikin kula da tsofaffi ta zo dubiya. Ta shiga ɗaki ta taimaka wa maiɗakina canza wata rigar roba mai matse ciki, ta fito tana dariya ta ce, "Ei Alhaji, ashe kai ma ɗan zamani ne! Ka kai madam an zuƙe mata tumbi kana ta wahalar da liman?" Ta ɗauka na sani. Ita ta yi mini bayani, wai laifo ake ce masa, 'yan ƙananan huji ake yi a sa bututu a tsotse kitse. Ba ƙari, ba ciwon komai.

Da na tsare maiɗakina ba ta musa ba. Ta ce kuɗin sana'arta ta kitso ne, jikinta ne, kuma da ta faɗa mini gaskiya da na hana. Ta tuna mini shekara nawa ina kiranta buhun masara a gaban baƙi ana dariya. Wannan na yi, ba zan ɓoye ba, ni wasa na ɗauke shi. Ita zan iya haƙura da ita.

Yarinyar ce ta karya ni. Da na tambaye ta, da Turanci ta ba ni amsa kamar kullum, sai da na daka mata tsawa ta koma Hausa. Wai ta ga uwarta tana kuka a banɗaki sau da yawa, kuma ba ta zaci zan kai maganar masallaci ba. Na ce kin ga ubanki yana kuka gaban Bature kin bar shi? Ta sunkuyar da kai. Na ce sau nawa kika taɓa yi mini haka? Ta rantse sau ɗaya ne. Da me zan gane?

Yanzu asibitin da nake zuwa don hawan jini sun aiko mini takarda bayan gwajin da aka yi mini, kwana shida tana aljihuna. Jiya yarinyar ta miƙo hannu ta ce Baba kawo in duba, na ce bari. In na kai wa wani a masallaci, gobe kowa ya san ciwona kuma ya san gidana ya lalace. In na ba ta, duk abin da ta faɗa zuciyata ba za ta kwanta ba.

Ku da kuka yi karatu, ku gaya mini tsakani da Allah, in miƙa mata takardar nan ko in nemi bare?