Akun da Yaya Ya Bari

Litinin, 3 ga Maris

Sun kawo akun Yaya yau, an lulluɓe kejin da tsohon zani kamar mai laifi. Matar Yaya ta ce ita ba za ta iya ba. Tun ranar da aka fita da gawar mijinta tsuntsun bai ce uffan ba, kallonsa ma kuka yake sa ta. Na ce a kawo min. 'Yata ta ce, "Baba, kai ma fa kula da kai ake yi." Na ce gidan naki ne, amma ɗakin nan nawa ne.

Alƙali sunansa. Yaya ne ya raɗa masa. In muka kaure da gardama a kan wa ya haifi wa, ko wane gida ne ya fara rufin kwano a layinmu, sai tsuntsun ya ƙwala ƙara, Yaya ya ce, "Ka ji, Alƙali ya yanke, ni ke da gaskiya." Ƙarya ne. Yawanci ni ke da ita.

Ruwan toka, jar wutsiya. Ƙirjin duk ya fige shi da kansa, sai fata.

Talata, 4 ga Maris

Bai ci ba. Gyaɗa, masara, ayaba, duk suna nan yadda na zuba.

Littafin awon ƙofofina ne wannan, ya rage shafuka. Ban taɓa zama a aji ba. Haruffan nan da ƙarfe na koye su, ina lanƙwasa sunayen shaguna a wurin walda, shi ya sa duk suke fitowa manya. Ba mai karantawa sai ni, to a nan zan faɗa.

Duk duniya Yaya ne kaɗai ya rage mai ce min Auta. Sauran duk Baba, Kaka, tsoho. Kuma tsuntsun nan ya iya. Da muryar Yaya sak, har da ɗan tarin da ke biyowa. Ina sa ƙafa a gidan zan ji, "Auta, kai ne?" sai in rasa wanne ne ya yi magana a cikinsu.

Sau ɗaya nake so in ƙara ji. Ba wani abu ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Na ja kujera gabansa na zuba masa ido tun safe. Ƙarfe ma in ka tsare shi da ido kana gane inda zai ba da kai. Na ce, "Ce Auta." Ya maƙale can ƙuryar keji yana wani gurnani irin na kare. Ban taɓa jin ya yi wa Yaya haka ba.

Ruwa kawai ya sha, shi ma sai da na fita.

Lahadi, 9 ga Maris

Ya cije ni.

Na ga ƙashin ƙirjinsa ya fito, na ce bari in kama shi in ɗura masa ayaba. Kafin in rufe hannu ya kama min manuniya, sai da na ji bakinsa a ƙashi. Jini har kan tabarma.

'Yata tana ɗaure min tana faɗa. "Da sugan nan naka, Baba? Ciwon da ya cinye idon Yayanka? Ka san rauni ba ya warkewa a jikinka." Na ce ƙarfe mai zafi ya huda hannun nan ban mutu ba. Ta ce lokacin kana da jini a jika.

Ta yanke min wa'adi. Ƙarshen wata. In bai fara ci ba, ko ya ƙara taɓa ni, mai tsuntsayen bakin kasuwa zai zo ya ɗauke shi. Na san wurin. Kejuna a jibge a rana, wanda ya mutu a jefar bayan rumfa. Aku mai figaggen ƙirji wa zai saya?

Na ce mata sai dai a haɗa da ni a buhun.

Laraba, 12 ga Maris

Na tono safar hannuna ta walda, ta fata, mai kauri. Na ce to yanzu ciji mu gani.

Da ma ban yi ba. Yana ganin baƙin hannun ya shigo ya dinga dukan ƙarfen keji da jikinsa, gashi na tashi. Fiffikensa ɗaya ya yi jini. Na janye. Ya daɗe yana haki, baki buɗe.

Na mayar da safar ƙasan akwati.

Asabar, 15 ga Maris

Yatsan ya kumbura. Ban nuna wa 'yata ba.

Litinin, 17 ga Maris

Ta gano. Wai ta ga ina ɗaukar kofi da hagu. Asibiti, allura, wanki, sabon bandeji. Ma'aikaciyar ta ce tunda mun zo a duba min ido ma. Na ce ido na zo da shi ko yatsa? 'Yata ta ce mata, "Bar shi, 'yar'uwa, shekara guda ina fama."

Idona ƙalau. Ɗan hazo ne a na dama, duk mai walda yana da shi.

Da muka dawo na zuba wa Alƙali ruwa, rabi ya zube a ƙasa. Kwanon ne ƙarami. Ta gani, ta goge, ta fita. Na fi son faɗan.

Alhamis, 20 ga Maris

Na je wurin matar Yaya. Na ce me yake ba shi ne da ni ban ba shi ba? Ta ce, "Abin da kake ba shi. Mu ma ai cizonmu yake, ƙanin miji. Shi kaɗai ya yarda da shi, shi da ko kalarsa bai sani ba."

Da zan tafi ta miƙo min sandar Yaya. Na ce me zan yi da ita, makaho ne ni? Ta ce to ajiye min ita a wurinka, ganinta a bakin ƙofa yana hana ni sukuni. Na karɓa don kunyarta.

A mota maganarta ta dawo min. Ko kalarsa bai sani ba. Haka ne. Sai da idon Yaya ya tafi aka kawo masa tsuntsun yana ɗan ƙarami, don ya samu abokin hira. Ni da nake cika baki ba na mantuwa, na tuna sunan mai rijiyar da aka cike tun muna yara, amma abin da na gani sau ba adadi ya shige min.

Na zauna na jero shi daki-daki. Yaya zai taho yana lalube. Ya ƙwanƙwasa ƙafar kejin da sanda. Ya zauna a karkace, kunne ga keji, fuska ga bango. Ya yi ta surutunsa na mutanen da. Sannan ya zura hannu, bayan hannun a sama, ya bar shi nan kamar ya manta da shi. Bai taɓa kai wa tsuntsun hannu ba, ina ya san inda yake? Tsuntsun ne ke zuwa.

Mutum ɗaya ya amince da shi a duniya, kuma mutumin bai taɓa kallonsa ba. Ni kuwa na zo na kafa masa idanu kamar kyanwa.

Juma'a, 21 ga Maris

Na gwada. Na ƙwanƙwasa, na zauna a karkace, na rufe ido.

Ban iya ba. Ba cizon nake ji ba. Duhun ne. Sai na ji ɗakin ya yi faɗi, ban san inda ƙofa take ba, na ce ashe haka Yaya ya zauna shekara da shekaru yana yi min dariya. Na buɗe.

Gobe.

Lahadi, 23 ga Maris

Na daure yau. Don kada in buɗe sai na kama jero gidajen tsohon layinmu da baki, daga na mai gyaran keke har na ungozoma, da 'ya'yan kowa, da wanda ya auri wa. Duk an rushe, shaguna ne yanzu. Ina cikin gidan masu dawa da yawa sai na ji ƙas.

Ɓawon gyaɗa.

Na kusa buɗewa. Na matse idon har ya yi min zafi, na ci gaba da jerowa, na ma yi kuskuren sunan wata. Ƙas kuma.

Laraba, 26 ga Maris

Yana ci, amma sai idona a rufe. Ina buɗewa ya saki ya koma ƙurya. Na nuna wa 'yata ɓawon. Ta ce, "Baba, ɓera ma yana cin gyaɗa." Na ce zo ki gani. Ta zo ta tsaya a kansa, ya yi mata gurnani, ta ce na gani.

Ta yaya zan nuna abin da ba ya faruwa sai ba mai kallo?

Mijinta ya riga ya yi magana da mai tsuntsayen. Na ji su a tsakar gida. Ita ta ce, "Yatsa ɗaya ya kusa tafiya. Tsuntsu ko ubana?" Ban ga laifinta ba. Ban kuma yarda ba.

Juma'a, 28 ga Maris

Na zura hannun hagu. Na ji motsinsa a kan sandar keji, yana matsowa, har ɗumin jikinsa na ji a bayan hannuna. Sai murfin tukunya ya faɗi a kicin. Idona ya buɗe da kansa, muka yi ido huɗu. Ya kawo sara. Hannun riga ya samu, ya yage.

Na cusa rigar ƙarƙashin katifa.

Lahadi, 30 ga Maris

Gobe ne. Bai hau hannuna ba.

Litinin, 31 ga Maris

Da hantsi mai tsuntsayen ya zo, da buhu da tawul a kafaɗa. Ya gaishe ni da ladabi, ba laifi. Ya leƙa kejin ya ce, "Kai, Baba, wannan ai ya gama aski da kansa." Alƙali na ganin tawul ya fara ihu yana dukan ƙarfe.

Na ce ku ba ni ɗan lokaci. Kowa ya juya baya. Mai tsuntsayen ya yi dariya, ya ce, "Wanka zai yi?" Na ce ɗana, ɗakina kake. Ya juya. 'Yata ta ƙi. Na ce, "Ko ki juya ko ki fita." Ta ce ba ta fita, in ya kama ka wa zai ɓanɓare shi? Na ce to kalli ƙasa. Ta sunkuyar.

Na ɗauki sandar. Na ƙwanƙwasa. Na zauna a karkace na rufe ido, na kama layinmu daga farko. Na kai ƙarshen layi yana ta haki. Na sake komawa. Wajen gidan ungozoma hakin ya lafa.

Na laluba sakatar na buɗe. Sai da hannun ya shiga na tuna na dama ne, mai bandejin. Da shi Yaya ke yi, jikina ya kwaikwaya ban sani ba. Janyewa kuma ta wuce.

Ina jin numfashin 'yata.

Sai bakinsa a kan yatsan, daidai kan ciwon. Na ji ta ja iska za ta yi ihu. Na ce, cikin muryar jeron, "Gidan mai gyaran keke, kada ki motsa, 'ya'yansa bakwai." Ya matsa. Zafi har ƙeya. Duk jikina cewa yake fizge. Ban fizge ba. Ya ƙara matsawa kaɗan, kamar mai gwada reshe ko zai ɗauke shi.

Ya saki. Sai ƙafa ɗaya, da farata masu sanyi. Sai ɗayar.

Ba shi da nauyi ko kaɗan. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan, ashe duk ya ƙare.

Ban san iya zaman da muka yi ba. Can na ji 'yata ƙasa-ƙasa tana cewa, "Malam, yi haƙuri, mun sa ka wahala." Ya ce, "Ni ma in juyo?" Ta ce a'a, haka za ka fita. Da baya-baya mutumin nan ya nemi ƙofa.

Da ta buɗe bandejin babu jini. Ta riƙe hannun ta daɗe. Ta ce ashe ka iya zama a duhu, Baba. Na ce ɗaure min yatsa ki bar surutu.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Ya ci ayaba a tafin hannuna. Na buɗe ido ɗaya kaɗan, na daman, mai hazon. Bai damu ba. Wataƙila ya san ba ya ganin abin kirki.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Wasu 'yan ƙananan gashi sun fara tsirowa a ƙirjin. Da yatsa na ji su.

Ya yi magana yau. 'Yata ta shigo da magani, yana kafaɗata, ta ce Baba ga shi. Kafin in buɗe baki sai aka ce, "Ba na so! Ku ƙyale ni!" Wata murya ta tsoho mai rigima, a shaƙe. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, maganin ya watse. Na ce muryar wa ke nan? Ta ce tambayi Alƙali, shi ya yanke.

Ban san haka nake ba. Ƙari ya yi.

Talata ce ranar masu ciwon ido a asibitin. Ta ce za ta je karɓar wani abu can. Na ce zan raka ta, hanyar ba kyau mace ita kaɗai. Ta ce to, ba ta kalle ni ba. Ita ma ta koya.

Sandar tana bakin gadona. Don tsuntsun ne. Da safe na je har bakin famfo da ita ido a rufe na dawo, ban yi karo da komai ba. Gwadawa kawai.

Auta dai bai faɗa ba. Yau ban tambaye shi ba.