Moɗa Mai Jan Zare

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ɗiya ga uwarta, da fatan makwancinki na cikin ni'ima. Shekara huɗu ke nan da rasuwarki, kuma ga wani labari ya tsaya mini a wuya.

Kin tuna daminar da tari ya kama ki a Fakku? Busasshen tari, ga haki ko guga ɗaya kika ja. Kowa a gidan ya zama likita, aka ce tarin fuka ne. An yi gwaji ba a ga ƙwayar ba, duk da haka kika sha maganin wata shida.

Da hannunki kika ɗaura wa moɗarki jan zare, kika ware kwanonki. Ke da tuwo ba ya shigar miki sai da hannu biyar a kwano.

Da na haifi Ummi, takwararki, kika hana ni zuwa wankan jego. Bayan arba'in na ɗauko ta daga Tambuwal, kika tsayar da ni a bakin ƙofa. "Kak ki matso. Ɗaga mani ita in gani, ya isa." Na ga kin cusa hannuwanki cikin zane. Na yi fushi a ranar, Inna, ki yafe mini.

Bana tarin ya zo kaina, har da jajayen kumburi a ƙwauri irin naki. A Sakkwato aka ɗauki hoton ƙirjina, aka yanki ɗan nama aka duba. Likita ya ce sunan cutar sarkoidosis, ƙananan ƙulli ne ke fitowa a huhu. Ba a san asalinta ba, amma ta fi kama baƙar fata, takan bi dangi, ana kuma zargin hayaƙin itace da ƙurar hatsi mai fumfuna. Wace mace ce a ƙasarmu ta Kebbe ta tsere wa murhu da shiƙa? Ya ce a ƙasar nan ba a san yawan masu ita ba, don sau da yawa tarin fuka ake ɗaukarta.

Sannan ya ce ba a ɗaukarta daga jikin kowa.

Na yi ta kuka, shi kuwa yana ta ba ni baki cewa akwai magani. Ya ce ba zai rantse ita ce taki ba. Ni dai na san tarin nan, a bakinki na fara jin sa.

Ranar Juma'a na je gida. Moɗarki na nan rataye bayan randa, ba mai taɓa ta. Na ɗebi ruwa da ita na sha, na ba Ummi ta shanye. Ta tambaye ni wa ya ɗaura zaren, na ce wadda ta so ta goya ki.

Ina kewarki, Inna. Allah Ya jiƙan ki, Ya sa ciwon ya zama kaffara, Ya haɗa ki da takwararki a inda ba a tsayawa bakin ƙofa.

Ɗiyarki,
Balkisu