A Bar Mana Soronmu, Shi Ne Allonmu

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Makarantarmu,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali, ya aiki, ya kuma haƙuri da mu. Ni ce Malama Saratu, mai koyar da labarin ƙasa da ilimin addinin Kirista a makarantar nan ta hanyar Gammo. Na rubuto a fili ne domin na yi ta sintiri a ofishinka har takalmina ya gaji, kullum sai a ce kana taro.

Maganar tsohon soron nan ce na bayan ofis, wanda kwamiti ya ce a rushe a hutun nan, wai yana ba mu kunya idan baƙi sun zo.

Na ɗaya. Ni 'yar kudancin Kaduna ce, inda ruwan sama ba ya wasa, rufinmu kuwa mai tsini ne. Tun ina yarinya ake ba mu labarin mutum huɗun da suka hau rufi a Kafarnahum, suka buɗe shi, suka zuro abokinsu shanyayye gaban Yesu. Na kasa gane yadda za a hau jinka da majinyaci ba a gangaro gaba ɗaya ba. Sai da na zo ƙasar Kabo, na shiga soron nan, na ɗaga kai na ga azara da ƙasa, sannan na gane. Tun ranar a ciki nake koyarwa. Yara su taɓa kaurin bango, su ji sanyi, su fahimci cewa inda ruwa ke da ƙaranci rufi kan kwanta. Daga nan mu kai ga dalilin da kakanninsu suka yi gida a tudu suka bar fadama ga noma, da abin da ya zaunar da mutanen birnin Yariko na Littafi Mai Tsarki kusa da maɓuɓɓuga. Musulminsu da Kiristansu, babu mai gyangyaɗi.

Na biyu. Zangon da ya wuce aka garƙame soron, aka mai da mu sabon aji mai rufin kwano. Ga sakamakon. A jarrabawa, wani ɗalibina Bitrus ya rubuta cewa mutanen nan huɗu sun aro guduma wajen kafinta suka cire ƙusoshi. Na ɗauki jan biro, na ajiye, domin yaron abin da ya gani a saman kansa ya rubuta. Da bazara yara gasuwa suke yi, da damina kuwa, saboda ƙarar ruwa a kan kwano, bakina kawai suke gani yana motsi kamar na kifi.

Na uku. An ce soron yana yoyo. Gaskiya ne, amma laifi tudu ne. Da can kowace shekara ana yi masa yaɓe da makuba kafin ruwa ya sauka. Kwamitinku ne ya ce wannan aikin ƙauye ne, aka shafe rufin da siminti, har bakin indararo aka toshe don ya yi kyau. Siminti da ƙasa ba sa jituwa. Ya tsage, ruwa ya shige ta ƙarƙashi, ya rasa hanyar fita sai ta kan teburina. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ranka ya daɗe, ba zan ɓoye ba.

Don haka ina roƙo a dakatar da rushewar, a kankare simintin, a kira magini ya yi yaɓe. Idan kuwa kwamiti ya nace, to ya zo ya yi taronsa na gaba a sabon ajin da azahar, a watan Maris. Na tanadi samari huɗu ƙarfafa saboda wanda zai fara suma. Sai dai a yi mana uzuri, ta ƙofa za su fitar da shi, domin ba su da guduma.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya ba ka inuwa mai sanyi duniya da lahira.

Wassalam.

Malama Saratu